Yadda Iyali Za Su Rage Kuɗin Ziyarar Wuraren Wasanni na Orlando

Ranar da aka buɗe Walt Disney World, rukunin wuraren wasanni na kamfanin Disney da ke kusa da birnin Orlando a jihar Fulorida ta Amurka, 1 ga Oktoban 1971, dala 3.50 babban mutum yake biya ya shiga, sannan ya sayi takardun hawan lilo daban. Ko an haɗa da faɗuwar darajar kuɗi daga wancan lokaci zuwa yau, wannan kuɗin shiga bai kai dala 30 ba. A 2015 tikitin yini ɗaya na Magic Kingdom, ɗaya daga cikin wuraren wasansa, ya haura dala 100. A 2025 farashin yini ɗaya a wuraren Disney na Orlando yana tsakanin dala 119 da 199, gwargwadon rana da wurin da aka zaɓa. A Disneyland ta Kalifoniya kuwa, tikitin ranaku masu cunkoso ya kai dala 206 a Oktoban 2024.

Duk da haka, ba tikiti ne ke karya bayan magidanci ba, domin shi tun daga gida an san kuɗinsa. Abin da ke zuwa ba zato shi ne abubuwan da a da suke cikin tikiti ko kuɗin ɗaki, yanzu an zare su ɗaya bayan ɗaya an ɗora wa kowanne farashinsa. Tsarin FastPass, wanda tun 1999 yake ba mutum damar kama lokacin hawa kyauta ba tare da dogon layi ba, an soke shi a 2021, aka kawo na biya. Motar da ke ɗauko baƙin otal-otal na Disney daga filin jirgin Orlando kyauta ta daina aiki a farkon Janairun 2022. Awarwaron MagicBand, mai aiki a matsayin tikiti da makullin ɗaki, da ake ba masu kwana a otal kyauta, shi ma ya koma na saye tun 2021. Wanda ya je shekara goma da suka wuce, in ya yi kasafi da abin da ya sani a lokacin, zai tarar da giɓin ɗaruruwan daloli.

Saboda haka mafi yawan rangwamen da iyali za su samu, a gida ake samunsa, wata biyu ko uku kafin tashi. Bayan an shiga ƙofa da yara, abin da ya rage a iya tattalawa kaɗan ne.

Ranar tafiya

Tun 2016 Disney ta fara raba farashi bisa yanayin shekara, a 2018 kuma ta koma sa wa kowace rana nata kuɗin. Universal, ɗaya babban kamfanin wuraren wasanni na Orlando, ita ma haka take yi. Ranar da aka zaɓa tana taɓa abu huɗu lokaci guda: tikiti, ɗakin otal, kuɗin tsallake layi, da kuɗin jirgi. Babu wata shawara ɗaya da ta kai wannan tasiri.

Mafi tsada su ne makon Kirsimeti zuwa sabuwar shekara, makon bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, da hutun bazara na makarantun Amurka a Maris da Afrilu, musamman makon Ista. Mafi sauƙi su ne rabin ƙarshe na Agusta da watan Satumba, bayan yaran Amurka sun koma makaranta, sai wasu makonni daga tsakiyar Janairu zuwa farkon Fabrairu. Talata da Laraba sun fi Asabar araha kusan ko da yaushe.

Arahar Satumba tana da dalili. Lokacin mahaukaciyar guguwar Atlantika yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, kuma ya fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Ga zafi mai gumi, ga ruwan sama da tsawa kusan kullum da la'asar. In an hango walƙiya kusa, ana tsayar da lilon da ke fili har ta wuce. Mai zuwa a wannan lokaci ya kama ɗakin da za a iya soke shi ba tare da tara ba, ya karanta sharaɗin canza tikitin jirginsa kafin ya biya. A ganinmu arahar ta cancanci haɗarin, muddin an yi waɗannan biyun. Janairu kuma lokaci ne da ake yawan rufe wasu lilo domin gyara, don haka a duba jerin waɗanda aka rufe a shafin kamfanin, kada a je saboda abu ɗaya a tarar an kewaye shi da katako.

Tikiti

A fara da shekarun yara. Wanda bai kai shekara 3 ba ba ya biyan komai. Daga 3 zuwa 9 tikitin yara ne, amma bambancinsa da na manya bai fi dala biyar ba a rana. Daga shekara 10 kuɗin babba ake biya, har a wuraren cin abincin da ake biyan kuɗi bisa kai. Iyalin da ke da ɗan shekara biyu da rabi, in sun matso da tafiyar kafin ya cika uku, sun tsira da tikiti guda cur.

Sai yawan kwanaki. Tikitin kwanaki da yawa yana rage kuɗin kowace rana, amma ragin ba ya fitowa sosai sai daga rana ta biyar zuwa sama. A nan ne mutane ke ruɗuwa: su ga ƙarin rana ta shida ba shi da yawa a tikiti, su ƙara, su manta cewa wannan ranar tana zuwa da ƙarin daren otal, abinci sau uku na mutum huɗu ko biyar, da kuɗin ajiye mota. Kuɗin rana shi ne jimlar waɗannan duka. Disney World na da wurare huɗu, Magic Kingdom, EPCOT, Hollywood Studios da Animal Kingdom, kuma kwana huɗu sun isa a ga kowanne. Masu ƙananan yara ma uku sun wadatar.

Tikitin yana da wa'adi, kuma wa'adin ya fi yawan kwanakinsa. Na kwana huɗu ana iya amfani da shi cikin kwana bakwai daga ranar farko, na kwana biyar cikin kwana takwas. Wannan tazarar tana da amfani: a sa ranar hutu a tsakiya, a yi iyo a otal, a je Disney Springs, dandalin shaguna da gidajen abinci na Disney, inda shiga da ajiye mota duk kyauta ne. Yara sun fi jin daɗin rana ta uku in sun huta a ta biyu.

Akwai ƙarin da ake kira Park Hopper, mai ba da damar shiga wuri fiye da ɗaya a rana guda. Yana ƙara dala 65 zuwa sama a kan kowane tikiti, wato dala 260 ko fiye ga mutum huɗu. Ga masu zuwa karon farko da yara, ɓarnar kuɗi ne, domin tashi daga wannan wuri zuwa wancan, da jiran mota da binciken jaka, yakan ci kusan awa guda. Kuma ba a rasa shi: in an ga ana bukata bayan an iso, ana iya ƙarawa a kan tikitin. A Universal lamarin ya ɗan bambanta, saboda jirgin ƙasan Hogwarts Express na labarin Harry Potter da ke haɗa wurarenta biyu na asali ba a hawansa sai da tikitin shiga duka biyun. In yara saboda shi suka matsa a zo, a saya na rana ɗaya kawai.

Farashin da ake gani a shafin saye bai haɗa da harajin kashi 6.5 cikin ɗari ba. A ƙara shi a lissafi tun farko.

Akwai dillalan da kamfanonin suka amince da su, masu sayar da tikitin kwanaki da yawa da ɗan ragi. Alamar na gaskiya ita ce tikitin yana shiga manhajar kamfanin nan take da lambarsa. Abin gudu shi ne masu rumfuna a bakin titi da masu talla a intanet da ke sayar da ragowar kwanakin tikitin wani. Dokar Fulorida ta hana wannan ciniki, kuma a ƙofar shiga ana haɗa tikiti da yatsan wanda ya fara amfani da shi. Yatsa bai dace ba, an hana shiga, kuɗi sun tafi. Haka nan masu ba da tikiti da araha bisa sharaɗin a zauna sauraron tallan sayen hannun jari a gidan hutu: sukan ce minti casa'in, zaman kan zarce haka, ga matsin lamba, ga rabin yinin da aka biya kuɗin jirgi domin sa ya salwanta.

Masauki

Tambayar da kowa ke yi ita ce, a kwana a otal na kamfanin ko a waje? Ba a amsa ta da farashin ɗaki kaɗai.

Otal-otal na Disney mataki uku ne. Na ƙasa su ne All-Star guda uku, Pop Century da Art of Animation. Mai kwana a kowannensu yana samun sufuri kyauta zuwa wuraren wasan, ba ya biyan kuɗin ajiye mota a can, yana shiga minti 30 kafin sauran jama'a, kuma yana kama lokacin tsallake layi kwana bakwai kafin zuwa, alhali na waje sai saura kwana uku. Pop Century da Art of Animation suna kan layin Skyliner, motar igiya ta sama da ke zuwa EPCOT da Hollywood Studios, wadda ta fi jiran bas sauri nesa ba kusa ba.

Mai kwana a waje ɗakinsa ya fi araha kuma ya fi faɗi, amma sai ya ɗora waɗannan a kai: hayar mota da inshorarta, mai, kuɗin titunan biya da suka kewaye Orlando tare da ladan da kamfanin haya ke ƙarawa a kansu, ajiye mota a wurin wasa dala 30 ko fiye kowace rana, da wani kuɗin hidima na dole da otal-otal da yawa ke ƙarawa kowane dare, wanda ba ya bayyana a farashin farko. Wasu ma suna karɓar kuɗin ajiye mota a harabarsu. Harajin ɗaki ya haura kashi 12 cikin ɗari, ciki da waje. Kada a kwatanta otal biyu sai an kai shafin ƙarshe na biya an ga jimla. Motar kyauta da otal na waje ke tallatawa kuwa, a tambayi jadawalinta tukuna. Sau da yawa tafiya ɗaya ko biyu ce da safe, dawowa ɗaya da dare, ba ta da amfani ga mai jariri da zai so komawa barcin rana.

Yawan mutane ne ke yanke hukunci. Ɗakin yau da kullum a otal na ƙasa na Disney mutum huɗu yake ɗauka, da jariri ɗaya da bai kai shekara uku ba. Mutum huɗu da ba sa son tuƙi, otal na ƙasa na Disney yakan yi kunnen doki da na waje ko ya fi shi. Daga mutum biyar ko shida sai an koma ɗaki mai falo ko ɗaki biyu, a nan gidan haya mai kicin da injin wanki a yankin Kissimmee, garin da ke kusa da Disney World, ya yi wa otal fintinkau, musamman in iyali biyu suka haɗa.

A Universal akwai wata dabara da ta saɓa wa tunani. Otal uku masu tsada, Portofino Bay, Hard Rock da Royal Pacific, suna ba duk wanda ke cikin ɗaki katin Express na tsallake layi kyauta, kuma yana aiki tun ranar shiga har ranar fita. Dare ɗaya ke nan yana ba da kwana biyu. Da yake katin in za a saya yakan haura dala 100 ga mutum ɗaya a rana, iyali mai mutum huɗu ko biyar na iya samun ɗakin ya fi katin araha. Sai dai wannan katin ba ya aiki a Epic Universe, sabon wurin da aka buɗe a Mayun 2025.

Layi, da abin da ake biya a tsallake shi

Tsarin Disney na yanzu, Lightning Lane, kashi uku ne. Multi Pass yana ba da damar kama lilo uku tun kafin zuwa, da an yi amfani da ɗaya sai a kama wani. Single Pass na lilo ɗaya ko biyu ne mafi farin jini a kowane wuri, kowanne da kuɗinsa. Premier Pass, wanda aka kawo a ƙarshen 2024, ya kai dala 449 ga mutum ɗaya a Magic Kingdom a ranakun cunkoso, ban da tikitin shiga. Wannan ba na mai tattali ba ne.

In aka ɗauka Multi Pass dala 30 ne, mutum huɗu a kwana huɗu dala 480 ke nan. Ba dole a saya kullum ba, domin rana-rana ake sayensa. Ya fi biyan kuɗinsa a Magic Kingdom da Hollywood Studios, inda lilo masu dogon layi suke da yawa. A EPCOT da Animal Kingdom sammako ya wadatar.

Sammakon yana da ƙa'ida. A iso bakin ƙofa minti 45 kafin buɗewa, ba a bar otal a lokacin ba. A Magic Kingdom a ƙara rabin awa, saboda daga wurin ajiye mota sai an hau jirgin ruwa ko jirgin ƙasa mai tafiya kan dogo ɗaya kafin a kai ƙofa. Da an buɗe a wuce kai tsaye zuwa lilon da ya fi kowanne layi, hoto da shago su jira. Awa biyun farko ana hawan abin da da tsakar rana zai ci awa huɗu ko biyar. Lokacin faretin rana da wasan wuta na dare ma layi kan ragu, kuma duk wanda ya shiga layi kafin lokacin rufewa sai an hau da shi.

Kafin a biya ko sisi na tsallake layi, a auna tsayin kowane yaro da takalminsa. A Disney, lilon Seven Dwarfs Mine Train na bukatar tsayin inci 38, kimanin santimita 97. Space Mountain da Flight of Passage inci 44, santimita 112. TRON inci 48, santimita 122. A Universal, VelociCoaster inci 51, Incredible Hulk inci 54. Ma'aikata ba sa ɗaga ƙafa ko da rabin inci ne, kuma gaskiyarsu, ƙarfen da ke riƙe mutum an ƙera shi ne bisa wannan tsayi. Iyalin da yaransu duka ba su kai inci 44 ba za su biya cikakken kuɗi a Universal su tarar manyan lilon sun fi ƙarfinsu. Gara su jinkirta wannan ɓangaren shekara biyu. In yaro ɗaya ne bai kai ba, akwai tsarin musanya kyauta a kamfanonin biyu: a gaya wa ma'aikacin bakin layi, uba ya hau da manyan yara, uwa ta zauna da ƙaramin, sannan ita ma ta hau ba tare da ta sake bin layi daga farko ba.

Abinci

Cin abinci sau ɗaya a wurin da ake karɓa a kanta yakan ci wa mutum huɗu kusan dala 60. Sau biyu a rana, kwana biyar, dala 600 ke nan, ba a sa karin kumallo, ruwa da kayan maƙulashe ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Disney ta yarda a shigo da abinci da abin sha daga waje. Sharuɗɗan su ne: ban da kwalba ta gilashi, ban da giya, ban da abin da sai an ɗumama, kuma ban da ƙanƙara zube a cikin kula. A daskarar da robobin ruwa biyu a sa su maimakon ƙanƙarar, su sanyaya abinci da safe, a sha su da rana. Kular kada ta wuce inci 24 a tsawo, 15 a faɗi, 18 a tsaye, amma jakar goyo mai rufin sanyi ta fi sauƙin ɗauka. Universal ta fi tsauri: tana barin ruwa, ɗan abin taɓawa, abincin jarirai da na masu lalura, amma ba cikakken abincin rana ba.

Tsarin da ke aiki shi ne a yi sayayya a babban kanti ranar isowa, ko a yi oda a kawo otal. A karya a ɗaki, a ɗauki abincin rana a jaka, a sayi na dare kawai. Wannan yana rage fiye da rabin kuɗin abinci, kuma yana sauƙaƙa wa masu kiyaye abin da suke ci. Ruwan roba a ciki ya kusa dala huɗu ko ya fi, alhali duk kantar abinci mai injin lemo za ta ba da kofin ruwan sanyi kyauta in an tambaya. Kason abincin manya yana da yawa, yara biyu na iya raba ɗaya.

Gidajen abinci na zama suna da ƙarin kuɗin da ba a rubuta a jerin farashi ba: tukuicin kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari, wanda a Disney ake ɗorawa kai tsaye in mutane sun kai shida. Ana kama tebur kwana 60 kafin zuwa, kuma wanda ya kama bai zo ba bai soke ba, ana cire masa dala 10 kan kowane mutum. In ana son cin abinci tare da jaruman katun, a yi sau ɗaya, a zaɓi karin kumallo, ya fi na dare araha. Ganin jaruman da ɗaukar hoto da su a cikin wurin wasa kyauta ne. Kofin da ake cikawa ba iyaka, wanda ake sayarwa a otal-otal na Disney, a otal kaɗai yake aiki. Wanda ke wuni a waje ba zai mori kuɗinsa ba.

Ƙananan abubuwa

Rigar ruwa ta leda a saya tun daga waje, domin da hadari ya haɗu farashin ciki ya ninka sau da yawa. Haka man kariya daga rana, filastar ƙafa da batirin cajin waya. Wayar ce tikiti, ita ce taswira, da ita ake odar abinci da kama layi, kuma kafin la'asar ta mutu.

A 2024 hayar keken tura yaro a Disney World dala 15 ce a rana, mai ɗaukar biyu dala 31, kuma ba a fita da shi daga ƙofa, wato daidai lokacin da yaro ya yi barci ake ƙwace shi. A zo da na gida, ko a sayi mai naɗewa a kanti, kuɗinsa bai wuce hayar kwana biyu ba. Kada ya wuce inci 31 a faɗi da 52 a tsawo, kuma amalanken ja an hana shi tun 2019.

Masu ɗaukar hoto na kamfanin za su ɗauka da wayar mutum in ya miƙa musu, ba tare da kuɗi ba. Wanda ke son kunshin hotunan duka ya saya aƙalla kwana uku kafin zuwa, ya fi araha.

Kayan tsaraba kuwa, lilo da yawa a cikin shago suke sauke mutane, da gangan aka tsara su haka. A ba kowane yaro katin sayayya mai adadin da aka yanke, dala 25 ko 40, a gaya masa tun a gida cewa nasa ne kuma ba ƙari. Abin da ya gani ya so, a ɗauki hotonsa a waya, a bar saye sai ranar ƙarshe, ya zaɓa daga cikin hotunan. Riguna da kunnuwan Mickey na asali ana samunsu da rangwame a manyan kantunan garin da shagunan ragowar kaya na Disney da ke kasuwannin rangwame biyu na Orlando, a saya kafin ranar farko yara su shiga da su.